Eglantyne Jebb, Wadda Ta Yi Bara Domin Yara

An haifi Eglantyne Jebb a shekarar 1876 a kusa da garin Ellesmere, a ƙasar Ingila. Gidansu gidan wadata ne, ga gonaki, ga littattafai, ba ta taɓa sanin yunwa ba. Da ta yi wayo aka kai ta babbar makarantar Oxford, ta karanta tarihi. Bayan ta gama sai ta kama aikin koyarwa a wata makarantar 'ya'yan talakawa a garin Marlborough. A nan ne ta fara ganin yaran da su kan zo aji da tsummoki, cikinsu ba kome. Ba ta daɗe tana koyarwa ba, don ba ta da isasshiyar lafiya, amma abin da ta gani bai fita daga ranta ba.

A shekarar 1914 Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke. Ingila da abokanta suka tare hanyoyin teku, suka hana jiragen ruwa kai abinci Jamus da Austiriya. Aka ajiye makamai a watan Nuwamba na 1918, amma ba a buɗe hanyoyin nan da nan ba. Yunwa ta yi tsanani. A birnin Biyana yara suka rame, ƙasusuwansu suka tanƙware, da yawa kuwa suka mutu.

Eglantyne da ƙanwarta Dorothy suka ji labarin, hankalinsu ya tashi. To, amma wa zai ba da ko kwabo don 'ya'yan abokan gaba? Kusan kowace unguwa a Ingila an yi rashi a yaƙin nan, zukata ba su huce ba. Duk da haka Eglantyne ta ɗauki takardu masu hoton yaran da yunwa ta cinye, ta tsaya a dandalin Tirafalga a tsakiyar Landan tana rarraba wa masu wucewa. 'Yan sanda suka kama ta, don ba ta nemi iznin hukuma ba.

A kotu ita ta tsaya wa kanta. Alƙali ya same ta da laifi, ya ci ta tarar fam 5. Da aka tashi, lauyan gwamnati, watau mutumin da ya gabatar da ƙararta, ya zo ya miƙa mata fam 5 daga aljihunsa. Kuɗin nan aka sa su cikin asusun yaran. Ashe maganarta ta ratsa wanda aka aiko don ya ka da ita.

Ran 19 ga watan Mayu na 1919 'yan'uwan biyu suka kira babban taro a zauren Albert na Landan. Waɗansu sun zo da ruɓaɓɓun 'ya'yan itace don su jefe su. Eglantyne ta miƙe ta yi jawabi. Ba wanda ya yi jifa. Mutane suka shiga ba da abin da su ke iyawa. Da haka aka kafa ƙungiyar Save the Children, watau asusun ceton yara.

Eglantyne ba ta ɗauki neman gudummawa abin kunya ba, tun da ba don cikinta ta ke yi ba. Ta nemi taimako wurin masu haƙar kwal, suka tara kuɗi mai yawa daga ɗan albashinsu. Ta tafi birnin Rum ta ga Fafaroma Benedict na 15, shi kuwa ya ba da nasa, ya kuma sa aka karɓi baiko a majami'u ran 28 ga Disamba na 1919. Ƙungiyar ta riƙa sayen shafi guda cur a jarida tana bayyana halin da yaran ke ciki. Waɗansu suka ce wannan ɓarnar kuɗi ce. Amma abin da tallan ya jawo ya fi abin da aka kashe nesa ba kusa ba.

Akwai ƙa'idodi biyu da ta riƙe. Na farko, ba a tambayar yaro ƙasarsa ko addininsa kafin a ba shi abinci. Na biyu, kuɗin jama'a amana ne, dole a rubuta abin da ya shigo da inda ya tafi. Ta gane cewa tausayi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa shi da tsari da lissafi, in ba haka ba masu bayarwa za su janye hannu.

A shekarar 1921 fari ya faɗa wa ƙasar Rasha, aka yi yunwa mai tsanani a yankin kogin Bolga. Nan ma aka sami masu suka, suna cewa Rasha ba ƙawar Ingila ba ce. Ƙungiyar ta aika aka ɗauko hoton majigi a lardin Saratob, aka nuna wa jama'a su gani da idonsu. Kuɗi suka shigo, aka buɗe wuraren dafa abinci, har aka ciyar da yara kimanin 300,000.

Daga nan Eglantyne ta yi tunani, ta ga bai kamata ran yaro ya dogara ga sadaka kawai ba. A shekarar 1923 ta rubuta haƙƙoƙin yara guda biyar. A cikinsu akwai cewa a ciyar da mai jin yunwa, a yi jinyar marar lafiya, a ba maraya mafaka, in kuwa masifa ta auku yaro za a fara taimaka wa. A 1924 Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani, wadda ke zaune a Janiba, ta amince da su. Su ne tushen yarjejeniyar haƙƙin yara da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar a 1989.

Ciwon maƙoƙo ya daɗe yana damunta, aka yi ta yi mata aiki. Ta rasu a Janiba ran 17 ga Disamba na 1928, tana da shekara 52. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. Amma ƙungiyar da ta kafa ta yaɗu zuwa ƙasashe masu yawa, har da Nijeriya da Nijar.

Ku lura, yara, dukiyar Eglantyne ba za ta iya ciyar da yaran nan duka ba. Sule-sule da kwabo-kwabo na talakawa su suka taru suka yi aikin, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya ba da kaɗan ya yi alheri, wanda kuma ya tara ya kai inda aka nufa ba tare da ha'inci ba, shi ma ya yi. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Tambayoyi

1. Me ya sa yunwa ta ci gaba a Biyana bayan an ajiye makamai?
2. Don me aka ci Eglantyne tara, wa kuma ya ba ta fam 5?
3. Faɗi ƙa'idodi biyu da ta riƙe wajen aikinta.