Milton Erickson: Likitan da ya tashi daga jinyar shan inna ya koya wa likitoci magani da magana

Yawancinmu a fim muka fara ganin abin da Turawa ke kira hifnosis: wani ya kaɗa agogo a gaban mutum, mutumin ya lumshe ido, ya koma yin duk abin da aka ce masa. Shi ya sa da an ambaci kalmar sai a ce ai rufa-ido ne ko siddabaru. A asibiti kuwa abin da ake nufi daban ne. Likita ne ke amfani da magana ya taimaki majinyaci ya natsu, ya tattara hankalinsa wuri guda, har ya iya karɓar shawarar da za ta rage masa zafin ciwo ko fargaba. Majinyacin yana farke, yana ji, kuma yana iya cewa a'a. Cikin waɗanda suka yi fafutukar mayar da wannan dabara darasin da ma'aikatan lafiya ke koya, da wuya a samu wanda ya kai Dakta Milton Erickson suna.

An haife shi ranar 5 ga Disamba, 1901, a Aurum, wani ƙauyen masu haƙar ma'adinai a jihar Nebada ta Amurka, amma a gonar iyayensa da ke jihar Wiskonsin ya girma. Tun yana yaro karatu ke ba shi wuya wajen haɗa baƙaƙe, ba ya bambance launuka sosai, kuma kunnensa ba ya kama karin waƙa. Yana ɗan shekara 17 cutar shan inna ta kwantar da shi, har likitoci suka fid da rai. Ya rayu, amma kusan duk jikinsa ya shanye.

To a wannan kwanciya ce ya samu makarantarsa ta farko. Kamar yadda shi da kansa ya riƙa ba da labari, da yake ba ya iya motsi, sai ya koma kallon 'yan gidansu, ya lura sau da yawa baki na cewa e, jiki kuma na nuna a'a. Ya kuma zuba wa ƙanwarsa ido tana koyon tsayuwa da tafiya, yana lura da yadda take dafa abu, da inda take ɗora nauyinta. Sai ya dinga tuno yadda gaɓoɓinsa ke motsi a da, yana maimaitawa a zuci, har a hankali suka fara amsawa. Bayan ya shiga jami'a ya yi wata doguwar tafiya a kwale-kwale, fiye da mil 1,000, don ya ƙarfafa jikinsa. Ya tafi da sandunan guragu, ya dawo yana dogara sanda ɗaya.

A Jami'ar Wiskonsin ya haɗu da Farfesa Clark Hull, wanda ke binciken hifnosis. Hull yana son a samu tsari ɗaya da za a bi da kowa, don a iya aunawa. Ɗalibin nasa kuwa yana ganin kowane majinyaci da irin ƙofar da ake shigar masa. A kan wannan ra'ayi ya tsaya har ƙarshen rayuwarsa. Ya kammala karatun likita a 1928, ya ƙware a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa, ya yi aiki a asibitocin gwamnati, mafi daɗewa a jihar Mishigan. A 1948 ya koma birnin Finiks na jihar Arizona saboda lafiyarsa, ya riƙa ganin marasa lafiya a cikin gidansa.

Ga misalin salonsa. Ya rubuta labarin wani mai sana'ar furanni da ciwon daji ya ci ƙarfinsa, magungunan kashe zafi sun kasa, kuma mutumin ba ya ko son jin kalmar hifnosis. Erickson ya zauna ya yi ta yi masa hirar yadda tumatir ke tsirowa, yana cusa kalmomin natsuwa da sauƙi a tsakiyar zancen. A cewarsa zafin ya lafa, mutumin ya koma gida. Lura fa, ciwon bai warke ba, daga baya shi ne ajalinsa. Wahalar ce aka rage masa.

Babban aikinsa shi ne horarwa. A shekarun 1950 shi da wasu abokan aikinsa suka dinga zagaya biranen Amurka suna shirya bita ga likitoci, da likitocin haƙori, da masana halayyar ɗan Adam. A 1957 suka kafa ƙungiyar masu amfani da hifnosis a aikin asibiti, wadda ake taƙaita sunanta da ASCH, shi ne shugabanta na farko. Shi ne kuma editan mujallarta tun daga 1958, ya riƙe ta shekara 10. Zamanin ma ya taimake su. A 1955 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta ba da shawarar a koyar da dabarar ga ɗaliban likitanci, a 1958 kuma takwararta ta Amurka ta amince da amfaninta, ta yi tir da mayar da ita wasan nishaɗi. Ƙa'idar da aka tsaya a kai ita ce: sai mai lasisin aikin lafiya, kuma a cikin fannin da ya karanta. Likitan haƙori ya yi ta don haƙori, kada ya ce zai warkar da taɓin hankali. Dalili kuwa a fili yake: wanda bai san cuta ba zai iya danne zafin da ke gargaɗin wani mugun ciwo, majinyaci ya yi ta zama a gida har lokaci ya ƙure.

Shi ma bai tsira daga suka ba. Yawancin nasarorinsa daga bakinsa da alƙalaminsa aka ji su, ba a gwada su a kan mutane da yawa ba kamar yadda ake gwada magani a yau. Wasu dabarunsa, irin su sa majinyaci aiki mai wuya ko ruɗa shi da gangan, likitocin yanzu na ganin sun wuce gona da iri. Bayan Jay Haley ya fitar da littafi a kansa a 1973 sunansa ya bazu, wasu kuma suka fake da sunan suna sayar da kwas na 'yan kwanaki ga kowa da kowa.

Tun daga farkon shekarun 1950 raunin shan inna ya dawo masa, a ƙarshe ya koma keken guragu, yana fama da ciwo kullum, yana kuma amfani da dabararsa a kan kansa. Duk da haka bai daina karɓar ɗalibai a gida ba har ya mutu ranar 25 ga Maris, 1980, yana da shekara 78, ya bar 'ya'ya 8.

Yau wasu asibitoci na amfani da hifnosis wajen rage zafi da fargaba. A Liyej ta ƙasar Beljiyam, tun 1992 ake haɗa ta da allurar kashe zafi a wasu tiyatoci. Don haka, mai karatu, in ka ci karo da tallar masu wannan aiki a intanet, tambayar da za ka fara yi ita ce wadda su Erickson suka gindaya: wane fannin lafiya ka karanta, kuma ina lasisinka?