Walther Nernst da fitilar da sai an ɗumama ta

Duk wanda ya yi kwas ɗin kimiyyar sinadarai a makarantar nan ya san sunan Nernst, saboda lissafinsa da ke hana mu barci lokacin jarrabawa. Ni kuwa tangaran ɗinsa ne ya fi ɗaukar hankalina.

An haifi Walther Nernst a 1864 a garin Briesen, wanda yanzu yake cikin ƙasar Polan. Ya koyar a jami'ar Gottingen ta Jamus, kuma a can ne a 1897 ya fito da wata irin fitilar lantarki. Ƙwan fitila na zamanin lagwanin gawayi gare shi, dole a zuƙe iskar ciki don kada ya cinye. Shi sai ya yi nasa lagwanin da ɗan siririn sandan tangaran: garin zarkoniya wajen kashi 85 cikin 100, sauran kuma itiriya. Abin da ya riga ya sha oksijin ai ba ya sake ƙonewa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Idan sandan yana da sanyi, wuta ba ta bi ta cikinsa sam. Sai an ɗumama shi, da farko ma har da harshen wuta, sannan ya kama haske. Dalili kuwa, itiriya tana barin guraben oksijin a jikin zarkoniya, zafi kuma ke sa ƙwayoyin oksijin masu caji su riƙa tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi. Tsallen nan shi ne lantarkin.

Amma kafin zafin aiki akwai zafin gashi, kuma shi nake ganin mun fi rainawa. Zarkoniya ana gasa ta ne a wajen digiri 1,400 zuwa 1,500. In wutar ta gaza, ƙwayoyin garin ba sa mannewa, ƙananan ramuka su cika ciki, hanyar oksijin ta yi ta yankewa. In ta kai, ramukan su toshe, ƙwayoyin su girma, iyakokin da ke tare hanya su ragu. Gari ɗaya, awo ɗaya, amma tanderu biyu su ba ka kaya biyu.

Mutumin fa ya san kasuwa. Ya sayar wa kamfanin AEG haƙƙin fitilar a kan mak miliyan 1, kafin lagwanin tangistin ya zo ya kashe mata kasuwa.

Rayuwarsa ba fes take ba. Ya sa hannu a aikin makamai masu guba a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yaƙin da ya cinye 'ya'yansa maza biyu. Ya samu kyautar Nobel ta 1920. Bai yi jituwa da 'yan Nazi ba, ya yi ritaya a 1933, ya rasu a ƙauye a 1941.

Tangaran ɗin dai yana nan. Na'urar da ke auna oksijin a bututun hayaƙin mota da irinsa ake yin ta, ita ma sai ta yi zafi take fara aiki.