Aleksanda Oparin, masanin da ya nemi asirin rai cikin ɗigon ƙaro

Masu cinikin ƙaro a kasuwannin Damagaram da Gure sun san buhunansu can Turai suke ƙarewa, cikin alewa da lemun kwalba da magunguna. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, ƙaro ya taɓa shiga binciken masu son haɗa ƙwayar halitta da hannunsu, wato ɗan ƙanƙanin abin nan da ido ba ya gani, wanda da shi aka gina jikin mutum da dabba da tsiro. Yau za mu kawo muku tarihin wanda ya yi suna a wannan aiki, Aleksanda Oparin na ƙasar Rasha.

An haife shi ranar 2 ga Maris 1894 a Uglic, wani ƙaramin gari a bakin kogin Bolga, cikin gidan ƴan kasuwa. Yana yaro iyayensa suka koma Mosko. A can ya shiga jami'a, ya karanci ilimin tsirrai, ya gama a 1917, shekarar da ƴan gurguzu suka karɓi mulki. Wani ɓangare na aikinsa ya shafi abin da muke saye da sayarwa kullum: yadda ake sarrafa burodi da shayi da sukari a masana'antu. A 1935 shi da malaminsa Aleksei Bak suka kafa cibiyar bincike a Mosko, kuma daga 1946 shi ya shugabance ta har ƙarshen ransa.

Abin da ya sa duniya ta san shi wani ɗan littafi ne da ya fitar a 1924, ya faɗaɗa shi a 1936. A ganinsa, tekun farkon duniya kamar romo yake, cike da sinadarai da suka riƙa haɗuwa sannu a hankali har suka dunƙule. Gwamnatin Sobiyet, wadda ba ta yarda da addini ba, ta rungumi wannan ra'ayi hannu bibbiyu.

To ga inda ƙaro ya shigo. Duk matar da ta taɓa dafa ƙafar sa ta san in romon ya huce yakan daskare. Wannan danƙon shi ake kira jelatin. Tun kafin Oparin, wani masani ɗan ƙasar Holan ya nuna cewa in aka gauraya jelatin da ƙaro cikin ruwa, sai su ware kansu su zama ƴan mitsi-mitsin ɗigo masu yawo, kamar maiƙo a kan miya. Oparin da ma'aikatansa sun shafe shekaru suna haɗa irin waɗannan ɗigo. Suka sa musu wani sinadari da aka ciro daga abu mai rai, suka zuba wani nau'in sukari cikin ruwan. Sai ɗigon ya riƙa tsotsar sukarin yana mai da shi sitaci, yana kumbura, in ya yi girma ya tsage gida biyu. Wanda ya leƙa madubin bincike zai rantse abin yana da rai. Amma ba shi da shi. Ɗigon ba ya iya ƙera sinadarin da aka ba shi, kuma ba shi da abin da zai gadar wa na bayansa. Kamar mai tebur ne da ke cin uwar kuɗi, yana rabawa tana raguwa.

Abin mamaki, ilimin gado da ɗigonsa ya rasa, shi ne ilimin da aka murƙushe a ƙasarsa, kuma da hannunsa a ciki. A zamanin Stalin wani masanin noma, Tarofim Lisenko, ya ƙaryata ilimin gado, gwamnati ta mara masa baya. Babban masanin iri Nikolai Babilob ya mutu a kurkuku a 1943. A 1948 aka hana koyar da ilimin, malamai da dama suka rasa aiki. Oparin ya bi Lisenko, kuma daga 1948 zuwa 1955 shi ke riƙe da sashen ilimin halittu na majalisar masanan ƙasar. Mu dai a ganinmu, mutum mai ilimi irin nasa ba zai ce bai gane abin da ake yi ba.

Duk da haka tunaninsa ya haye teku. A 1953 a Shikago ta Amurka, wani ɗalibi mai suna Stanli Mila ya rufe ruwa da wasu nau'o'in iska cikin kwalba, ya riƙa sakar musu tartsatsin lantarki, ya samu wasu daga cikin tubalan da ake gina furotin da su. Oparin ya samu lambobin yabo, har da kyautar Kalinga ta UNESCO a 1976. Ya rasu a Mosko ranar 21 ga Afrilu 1980 yana da shekara 86.

Masu bin sawunsa sun koma ga gadon da ya juya wa baya. A 2010 ƙungiyar Kireg Benta a Amurka ta haɗa sinadarin gadon wata ƙwayar bakteriya a ɗakin bincike, ta dasa shi cikin wata ƙwayar, ta rayu ta hayayyafa. A 2016 suka rage ƙwayoyin gadon zuwa 473 kacal. Sai dai ƙwayar da suka dasa a ciki aro suka yi daga mai rai, ba su suka ƙera ta ba.