Clara Foltz, Matar Da Ta Nemo Wa Talaka Lauya A Kotunan Amurka

A ranar 2 ga watan Satumba na shekarar 1934 ne wata dattijuwa mai suna Clara Shortridge Foltz ta rasu a birnin Los Anjalis na ƙasar Amurka, tana da shekara 85 da haihuwa. Ita ce mace ta farko da ta zama lauya a jihar Kalifoniya, kuma ita ce ta fara fitowa fili da shawarar cewa kamar yadda gwamnati ke da ofishin masu gabatar da ƙara, haka ya kamata ta kafa ofishin lauyoyi masu kare waɗanda ake tuhuma, ta riƙa biyansu albashi daga baitulmali. A lokacin da ta kawo wannan shawara mutane da yawa sun ɗauke ta tamkar mafarki, amma a yau ofisoshi irin waɗannan su ne ke kare ɗimbin talakawan da ake gurfanarwa gaban kotunan Amurka.

An haifi Clara a jihar Indiyana a watan Yuli na shekarar 1849. Mahaifinta, Elias Shortridge, ya taɓa aikin lauya kafin ya koma wa'azi a coci, kuma ta yi ɗan karatunta ne a garin Mount Pleasant na jihar Ayowa. Tana da shekara 15 ta auri wani manomi, tsohon soja, mai suna Jeremiah Foltz, ba da son iyayenta ba. Neman abinci ya kai su jihar Oregon, daga bisani kuma suka sauka a garin San Hose na Kalifoniya. A can ne mijin ya tafi ya bar ta da 'ya'ya biyar, ita kuwa ba ta kai shekara talatin ba. Saboda yadda ake kallon sakakkiyar mace a wancan zamani, ta riƙa nuna wa jama'a cewa mijinta mutuwa ya yi.

Ɗinki da sauran ƙananan sana'o'in da aka yarje wa mata ba za su iya riƙe gida mai yara biyar ba. Saboda haka ta shiga yin lacca a bainar jama'a kan 'yancin mata na jefa ƙuri'a, tana kuma karanta littattafan shari'a a ofishin wani lauya na garin, domin a lokacin ta wannan hanya ce akasarin lauyoyi ke koyon aikin. To, sai dai dokar jihar ta taƙaita aikin lauya ga maza farar fata kawai. Clara ta tsara ƙudurin gyara dokar yadda za ta haɗa da kowane mutum, ta tafi Sakramento, babban birnin jihar, ta yi ta bin 'yan majalisa har suka amince, gwamna kuma ya sa hannu a ƙarshen zaman majalisar na shekarar 1878. A watan Satumba na wannan shekara ta ci jarrabawa aka rantsar da ita.

Duk da haka ta san iliminta bai cika ba. A farkon shekarar 1879 ita da ƙawarta Laura de Force Gordon suka shiga kwalejin koyon aikin lauya ta Hastings da ke San Faransisko, amma cikin 'yan kwanaki aka sallame su saboda su mata ne. Suka kai ƙara, suka tsaya wa kansu, suka yi nasara har a kotun ƙolin jihar. Amma kafin a kammala shari'ar, ɗawainiyar yara da neman abin sawa a baka sun sha kanta, ba ta samu komawa ta kammala karatun ba. Ta buɗe wa wasu ƙofa, ita kuwa ba ta samu shiga ba.

Da yake masu hannu da shuni ba sa kai wa mace shari'arsu, yawancin waɗanda suka zo wurinta a shekarun farko matalauta ne, wasu kuma alƙalai ne suka ɗora mata alhakin kare su. A nan ne ta ga yadda al'amarin yake da idonta. Idan aka kawo wanda ba shi da kuɗin ɗaukar lauya, alƙali kan naɗa masa wani daga cikin lauyoyin da ke zaune a kotu, sau da yawa sabon shiga wanda bai taɓa gudanar da babbar shari'a ba. Ba a biyansa ko sisi, ba shi da kuɗin neman shaidu ko gudanar da bincike, kuma ba shi da wani babba da zai duba aikinsa ya nuna masa inda ya kauce. Wato dai da rayuwar talaka yake koyon aiki. A gefe guda kuma akwai wasu lauyoyi marasa amana da ke kewaya gidajen yari suna tatse ɗan abin da fursuna ko danginsa suka mallaka, sannan su yi watsi da shi. Wanda ke fuskantarsu kuwa shi ne mai gabatar da ƙara na gwamnati, gogagge, mai albashi da mataimaka, ga 'yan sanda a bayansa.

Ta kuma lura cewa masu gabatar da ƙara kan wuce gona da iri idan suka ga babu mai taka musu burki. A shekarar 1893 kotun ƙolin Kalifoniya ta soke hukuncin da aka yanke wa wani mutum mai suna Wells, wanda ita ce ta kare shi, saboda rashin adalcin da mai gabatar da ƙara ya nuna yayin shari'ar.

A wannan shekara ta 1893, a wani taron masana shari'a da aka yi lokacin babban baje kolin duniya na birnin Shikago, ta gabatar da shawararta. Hujjarta ita ce, tun da doka ta ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin mara laifi har sai an tabbatar da laifinsa, to bai kamata gwamnati ta kashe kuɗi wajen neman ɗaure shi kawai ba, alhali ta bar shi ya sayar da abin da ya mallaka don ya wanke kansa. Ta nemi a kafa ofishi na dindindin, mai shugaba da jama'a za su zaɓa, da mataimaka a ƙarƙashinsa, wanda zai yi kafaɗa da kafaɗa da ofishin mai gabatar da ƙara a wajen daraja da ƙwarewa. Muhimmancin wannan tsari shi ne, kare talaka zai tashi daga zama sadaka da wani ke yi in ya ga dama, ya koma aiki mai shugabanci, inda ƙaramin lauya zai yi aiki a gaban na gaba da shi, kuma akwai wanda za a tuhuma idan aka yi sakaci. A ganinta ma, ofishin ya kamata ya kare duk wanda ya nema, ko mai kuɗi ne ko matalauci.

Ta rubuta ƙudurin doka a kan haka, aka gabatar da shi a majalisun jihohi da dama, musamman a shekarar 1897 lokacin tana zaune a New York, amma babu inda ya samu shiga. Ba ta karaya ba. Ta ci gaba da koyar da mata shari'a ta wata ƙungiya da ta kafa a San Faransisko mai suna Portia Law Club, daga baya kuma ta riƙa horar da mata masu son zama lauyoyi a ofishinta, domin ta san wahalar koyon aiki babu jagora. Bayan girgizar ƙasar da ta ragargaza San Faransisko a shekarar 1906, ta koma Los Anjalis, inda aka naɗa ta mataimakiyar mai gabatar da ƙara, muƙamin da mace ba ta taɓa riƙewa ba a can. Ta kuma ga nasarar fafutukar da ta daɗe tana yi, yayin da matan Kalifoniya suka samu 'yancin jefa ƙuri'a a shekarar 1911.

A watan Janairu na shekarar 1914 gundumar Los Anjalis ta buɗe ofishin lauyoyin kare jama'a, irinsa na farko a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Walton Wood. Ban da shari'o'in laifi, ofishin ya riƙa taimaka wa ma'aikata matalauta wajen karɓo haƙƙinsu daga waɗanda suka hana su lada. A shekarar 1921 majalisar Kalifoniya ta zartar da dokar da ta ba gundumomin jihar damar kafa irin wannan ofishi. Sai dai yawancin masu yayata tsarin a wancan lokaci sun fi ba da ƙarfi ga rage kashe kuɗi da hanzarta shari'a, ba ga tsayawa tsayin daka a kare wanda ake tuhuma ba kamar yadda ita ta nufa, kuma ba kasafai suke ambaton sunanta ba. A shekarar 1930, tana da shekara 81, ta nemi jam'iyyar Republican ta tsayar da ita takarar gwamna, amma ba ta yi nasara ba.

Kusan shekara 29 bayan rasuwarta, a watan Maris na 1963, kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Clarence Gideon, wani matalauci da aka ɗaure shekara biyar a jihar Fulorida bayan an hana shi lauya, wanda ya rubuto kokensa da fensir daga kurkuku. Kotun ta ce wajibi ne jihohi su samar da lauya ga duk wanda ake tuhuma da babban laifi idan ba shi da hali. Da aka sake shari'ar Gideon yana da lauya, sai aka wanke shi. Daga nan ne ofisoshin lauyoyin kare jama'a suka bazu a ƙasar. Ko a Nijeriya, inda aka kafa hukumar ba da agajin lauyoyi a shekarar 1976, jihar Legas ta buɗe ofishi mai irin wannan suna a shekarar 2000.

Amma matsalar da Clara ta gani ba ta gushe ba. A shekarar 1973 wani kwamiti na ƙasa ya ba da shawarar kada lauya ɗaya ya riƙe manyan shari'o'i fiye da 150 a shekara, amma a wurare da yawa ana zarce wannan adadi, har shugabannin ofisoshin kan rasa lokacin duba aikin ƙananan lauyoyinsu. An daɗe da mantawa da ita kafin Farfesa Barbara Babcock, wadda ta taɓa shugabantar ofishin lauyoyin kare jama'a na birnin Washington, ta wallafa tarihinta a shekarar 2011. Tun kafin wannan, a shekarar 2002, an sa wa babban ginin kotunan laifi na Los Anjalis sunan Clara Shortridge Foltz, kuma a cikinsa ne lauyoyin ofishin da ta yi shekara ashirin tana neman a kafa ke tsayawa kullum suna kare talakawa.