Charles Hamilton Houston: Malamin lauyoyin da suka kayar da dokar wariya a Amurka

An haifi Charles Hamilton Houston ranar 3 ga Satumba, 1895, a birnin Washington. Shekara guda bayan haihuwarsa Kotun Ƙolin Amurka ta halatta raba farare da baƙaƙe a wuraren jama'a, muddin an ce abin da aka tanadar wa kowane ɓangare daidai yake. Kan yaƙar wannan hukunci rayuwarsa ta ƙare.

Ya kammala Kwalejin Amherst a 1915, shi kaɗai ne baƙar fata a ajinsu. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aikin hafsan soja a Faransa, inda irin zaluncin da ya ga ana yi wa sojoji baƙaƙe ya sa ya ƙudurta karanta shari'a. Ya shiga Jami'ar Harvard a 1919, ya kuma zama baƙar fata na farko a cikin editocin mujallar shari'a ta jami'ar. A 1924 ya fara aiki a ofishin mahaifinsa, wanda shi ma lauya ne.

Babban aikinsa ya soma ne a 1929, lokacin da aka damƙa masa ragamar sashen shari'a na Jami'ar Howard. Ya tarar da akasarin karatun na dare ne, sai ya mayar da shi na cikakken lokaci, ya tsaurara sharuɗɗan shiga, ya ɗauko ƙwararrun malamai. Wasu sun yi ƙorafi, amma kafin ƙarshen 1931 sashen ya samu amincewar ƙungiyar lauyoyin ƙasar. Ɗalibansa sun san shi da tsanani, domin a ganinsa lauya baƙar fata ba shi da damar kuskure a gaban alƙalin da tun farko ya raina shi. Cikin waɗanda ya horar akwai Thurgood Marshall da Oliver Hill.

Horon bai tsaya a aji ba. Houston yakan tafi da Marshall jihohin kudu, suna tattara shaida kan halin da makarantun baƙaƙe ke ciki. Bayan ya zama lauyan ƙungiyar NAACP a 1935, ya fara kai hari kan makarantun koyon shari'a, domin ya san jihohi ba za su iya gina wa baƙaƙe irinsu ba. Tare da Marshall suka sa kotu ta tilasta wa Jami'ar Maryland karɓar Donald Murray, sannan a 1938 ya yi nasara kan jihar Missouri a Kotun Ƙoli.

Ciwon zuciya ya yi ajalinsa ranar 22 ga Afrilu, 1950, yana da shekara 54. Bayan shekara huɗu Marshall ya jagoranci lauyoyin da suka sa Kotun Ƙoli ta haramta wariya a makarantun gwamnati, kuma a 1967 ya zama baƙar fata na farko da ya hau kujerar alƙali a wannan kotu.