Alhaji Abubakar Imam da Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo

A cikin mutanen da suka yi wa harshen Hausa hidima da alƙalami, sunan Alhaji Abubakar Imam yana sahun gaba. Jama'a da yawa sun san shi ta wajen littattafansa na hikaya, amma aikin da ya ɗauke masa shekara goma sha biyu cur shi ne aikin jarida.

An haife shi cikin shekara ta 1911 a garin Kagara, cikin Nijeriya ta Arewa, a gidan malamai. Ya fara da karatun allo, sa'an nan aka sa shi makarantar boko a Katsina. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya fita a 1932, ya zama malamin makarantar Midil ta garin. A 1933 Ofishin Fassara na Zariya, wanda wani Bature mai suna Rupert East yake shugabanta, ya shirya gasar rubuta littattafan Hausa. Imam ya aika da Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara kuma ya aika da Ganɗoki, aka buga su duka biyu. Ganin gwanintarsa ya sa East ya nemi aronsa zuwa Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku.

A lokacin nan hankalin Turawan Ingila ba a kwance yake ba. Yaƙi da Jamus yana matsowa, jita-jita ta cika kasuwanni cewa za a miƙa Nijeriya ga Hitila. A Ikko kuma Nnamdi Azikiwe ya kafa jaridar West African Pilot tun 1937, tana sukar mulkin mallaka. Saboda haka gwamnati ta ga ya kamata ta sami bakin da za ta yi wa mutanen Arewa magana da harshensu. Cikin watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, kuɗinta kwabo ɗaya, aka naɗa Imam editanta na Hausa. Da farko sau ɗaya take fitowa a wata, daga baya ta koma ta mako-mako.

Masu iya karatun boko kaɗan ne a zamanin: malaman makaranta, akawuna, ma'aikatan En'e da ɗalibai. Amma takarda guda takan isar da mutane masu yawa, domin wanda ya iya yakan zauna a zaure ko gindin itace ya karanta da ƙarfi, sauran suna saurare. Imam ya san da kunne za a karɓi maganarsa, don haka ya riƙa rubutu da Hausa mai sauƙi, da karin magana da ban dariya. Ta haka labarin Yaƙin Duniya na Biyu ya isa ƙauyuka, haka kuma rubutun boko ya zauna da gindinsa.

Wuyar aikin ita ce, jaridar ta hukuma ce, kuɗin hukuma ke tafiyar da ita, edita kuwa yana tsakanin wuta uku: Turawa, sarakuna, da samari masu ilmin zamani waɗanda suka gaji da halin da ake ciki. Dabarar Imam ita ce buɗe filin wasiƙu. Masu karatu suka riƙa rubuto kukansu game da haraji, da shari'a, da ƙarancin makarantu, shi kuma yana bugawa yana ba da amsa cikin ladabi. Abin da a da ba a faɗinsa sai a ɓoye, ga shi yanzu a takarda, Razdan yana gani, fada tana gani.

A 1943 aka gayyaci editoci takwas na Afirka ta Yamma zuwa Ingila, Imam yana cikinsu. Can Azikiwe ya shirya takardar neman a ba ƙasashensu mulkin kai cikin shekara goma sha biyar. Imam bai sa hannu ba, domin a ganinsa Arewa tana baya ƙwarai wajen ilmin zamani, gaggawa za ta bar ta a hannun wasu. Wannan ya jawo masa suka daga jaridun Kudu. Amma a tafiyar nan ɗin ya gana da Lugga, tsohon Gwamna, ya bayyana masa illolin da suka shiga mulkin En'e. Labarin tafiyar yana cikin littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya, a 1948 kuma kamfanin ya ƙara da jaridar Turanci, Nigerian Citizen. Imam yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta zama NPC. Da siyasa ta yi zafi, ƴan NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano da aka kafa a 1950, suka riƙa kallon Gaskiya a matsayin jaridar sarakuna da NPC. Imam ya bar kujerar edita a 1951, ya shiga majalisa, daga baya ya shugabanci hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga watan Yuni na 1981.

Jaridar ta daɗe bayansa. Daga 1966 ta koma hannun kamfanin New Nigerian na Kaduna, ta ci gaba da fitowa shekaru masu yawa kafin rashin kuɗi ya durƙusar da kamfanin. Tsofaffin kofenta suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na Kaduna da ɗakunan karatu na jami'o'i, masana suna komawa gare su. Mai son sanin ra'ayin gwamnatin wancan zamani zai same shi a shafin farko. Mai son jin abin da ke damun malamin ƙauye ko akawun En'e kuwa, sai ya buɗe shafin wasiƙu, wurin da Imam ya ba su fili. Takardun sun tsufa, gara da damshi ba su san darajarsu ba, kiyaye su nauyi ne a kan duk mai jin Hausa, ko a Zariya yake ko a Maraɗi.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya sa ya huta.