Jacob Grimm da asalin kalmar elf

An haifi Jacob Grimm a garin Hanau na ƙasar Jamus ranar 4 ga Janairu 1785. Yana da shekara 11 mahaifinsu ya rasu, gida ya shiga ƙunci. Ya tafi Marburg karatun shari'a, inda malaminsa Savigny ya cusa masa son tsofaffin rubuce-rubuce, har ya kira shi Faris a 1805 don ya taya shi bincike. Duniya ta san shi da ƙanensa Wilhelm saboda tatsuniyoyin da suka fara bugawa a 1812. Ɗalibin ilimin harsuna kuwa ya san shi da dokar sauyawar baƙaƙe ta 1822, wadda ta nuna cewa p na Latin yakan dace da f a dangin Jamusanci, kamar pater da father. Rasmus Rask na Denmark ya riga shi hango wannan, amma sunan Grimm ne ya bi dokar.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne yadda ya ɗauki kalma a matsayin shaidar imanin mutanen da. A al'adun arewacin Turai akwai wasu halittu na ɓoye masu kama da mutane, masu taimako wani lokaci, masu cuta wani lokaci. Manoman Ingila na da, in saniya ta kwanta ciwo kwatsam, sukan ce kibiyar elf ce ta same ta. A Jamus Alp shi ne abin da ke hawa ƙirjin mai barci, wato dannau, kuma har yau mummunan mafarki Albtraum ne. A 1826 ƴan'uwan biyu suka fassara tatsuniyoyin Ailan da Crofton Croker ya tattara, suka sa musu doguwar gabatarwa a kan waɗannan halittu. A 1835 Jacob ya ba su babi guda a littafinsa Deutsche Mythologie.

Ya jera siffofin kalmar: ælf a tsohon Ingilishi, álfr a tsohon harshen mutanen Arewa, alp a tsohon Jamusanci. Ya danganta su da albus na Latin, ma'ana fari, kuma yawancin masana har yanzu a nan suka tsaya. Sunayen mutane suka ba shi ƙarin hujja, domin Alfred na nufin shawarar elf, kuma ba mai raɗa wa ɗansa sunan abin da yake ƙyama kawai. Alberich na Jamusawa shi ne ya zama Auberon a Faransanci, Oberon a wasan Shakespeare. Mai karatu Bahaushe na iya jin alp ya tuna aljani. Ba su da dangi ko kaɗan: al ɗin aljani ɗafin tantancewa ne na Larabci da ya manne wa jinn, irin kamar da dokar sauti ba ta yarda da ita ba.

Akwai inda ya zarce. Burinsa ya sake gina addinin Jamusawa na kafin Kiristanci daga guntattaki, don haka ya ɗauki rabon fararen elf da masu duhu da Snorri Sturluson ya rubuta a Aislan wajen 1220 da muhimmanci ƙwarai. Snorri kuwa Kirista ne, ƙasarsa ta fi shekara 200 da karɓar addinin, kuma masana da yawa suna ganin inuwar mala'iku da shaiɗanu a cikin wannan rabo.

Wani abu kuma ya tsaya masa a rai. Elf ɗin da Jamusawan zamaninsa ke faɗa aro ne daga Ingilishi, ya shigo a ƙarni na 18 ta hanyar fassara, musamman ta wasannin Shakespeare. Grimm ya fi son siffar gida, Elb, ita ya riƙa amfani da ita a littafin 1835, alhali taken littafinsu na 1826 da siffar aron ya fito. Jama'a ba su bi shi ba.

A 1837 sarkin Hanover ya soke tsarin mulki, malaman jami'ar Gottingen bakwai suka ƙi yarda. An kore su, Jacob aka ba shi kwana uku ya bar ƙasar. Rashin aikin ne ya sa suka karɓi kwangilar babban ƙamus na Jamusanci, suka koma Barlin a 1841, juzu'in farko ya fito a 1854. Jacob bai taɓa aure ba, a gidan ƙanensa ya zauna. Wilhelm ya rasu a 1859 bayan ya gama harafin D. Jacob ya bi shi ranar 20 ga Satumba 1863, yana kan kalmar Frucht, wato ɗan itace. Sai a 1961 aka kammala ƙamus ɗin. Ƴan shekaru bayan haka, da aka zo fassara littattafan Tolkien zuwa Jamusanci, marubucin ya ba da shawarar a guje wa Elf, aka sa Elb.